Yadda zaka gwada lens masu faɗi na f/1.4 da f/1.8 kafin ka zuba kuɗinka

Duk mai ɗaukar hoton biki ya san wannan yanayin, ka shiga hol ɗin dina babu komai sai fitilu ja da shuɗi, amarya da ango suna zaune, ƙawaye sun haura ashirin kowa na so ta fito, kai kuma babu inda zaka ja baya saboda tebura sun tokare ka. A nan ne mutum yake fara kwaɗayin lens mai faɗi kuma mai shan haske sosai, irin 24mm f/1.4 ko 20mm f/1.8 ko ma 14mm. To amma fa ɗan uwa, lambar f ɗin nan da aka rubuta a jiki girman ƙofar shigar haske kawai take gaya maka, bata gaya maka ko fuskar wadda take can gefe zata fito ba. Lens biyu zasu iya ɗaukar lamba ɗaya amma aikinsu ya bambanta kamar dare da rana, kai ko guda biyu ƙirar kamfani ɗaya samfuri ɗaya ma sai ka samu ɗaya ya fi ɗaya.

Ni da kaina na taɓa sayen wani 24mm f/1.4 na hannu, jikinsa tsaf ko ƙwarzane babu, na ɗauki fuskar mai shagon na duba a allon kyamara naga kaifi, na biya na tafi. Sai da na yi aikin kamu da shi na dawo gida na buɗe a kwamfuta sannan naga duk wadda ta tsaya a hannun dama fuskarta ta narke, na hagu kuma lafiya lau. Abin ya min ciwo sosai don hoton dangi ba a maimaita shi, wasu daga nesa suka zo. Tun ranar na daina cinikin biri a sama, kuma gwajin da zan bayyana ɗin nan shi nake yi ko lens ɗin sabo ne fil a kwali.

Da farko ka fahimci lambobin, don kar ka gwada abin da ba sa'an juna ba

Lambar f tana fitowa ne idan ka raba tsawon lens, wato lambar mm ɗin da ke jikinsa, da faɗin ƙofar da haske yake shiga. 24mm a f/1.4 ƙofarsa wajen 17mm kenan, 14mm a f/2.8 kuma 5mm ce kacal. Daga f/1.4 zuwa f/2 haske ya ragu rabi, wannan shi ake kira mataki ɗaya, zuwa f/2.8 ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, wato inda mai f/2.8 yake fama da ISO 6400 kai kana 1600 (ISO shine saitin da ake ɗagawa in haske ya yi ƙaranci, yawansa yana kawo tsakuwa-tsakuwa a hoto). Amma tsakanin f/1.4 da f/1.8 bambancin bai kai mataki ɗaya ba, wajen kashi biyu cikin uku ne na mataki, ka riƙe wannan don zai maka amfani ranar da zaka ciro kuɗi.

Sai faɗin gani. A kyamara ful-firem, mai sensa (farantin da yake karɓar hoto a cikin kyamara) 36 da 24mm, lens 14mm yana ganin wajen digiri 114 daga kusurwa zuwa kusurwa, 20mm yana ganin 94, 24mm kuma 84. Amma da yawa cikinmu ƙaramar sensa muke riƙe da ita, irin su Canon 700D ko 80D ko Nikon D5300 ko Sony a6400, a nan sai ka ninka da 1.6 in Canon ce, 1.5 in Nikon ko Sony ce. Kaga 24mm a kan 80D ya koma kamar 38mm, faɗin da ka saya dominsa ya tafi. Shi yasa Sigma 16mm f/1.4 da ya fito a 2017 ya karɓu wajen masu ƙaramar Sony, don shi yake basu abin da 24mm yake bawa mai ful-firem. Kuma in ka gwada lens ɗin ful-firem a ƙaramar sensa tsakiyarsa kawai kake gani, kusurwar da matsala take ɓuya an yanke ta, ranar da ka canza kyamara ranar zaka san gaskiyarsa.

Me yasa ma irin waɗannan lens ɗin suke da wuyar ƙerawa? A kyamara mai madubi tazarar bakin kyamara zuwa sensa 44mm ce a Canon EF, 46.5mm a Nikon F, to yaya za a yi lens ɗin 24mm ko 14mm ya zauna nesa haka kuma ya yi fokos? Dabarar ita ce a sa manyan gilasai masu watsa haske a gaba sannan masu tattarawa a baya, Bafaranshe Pierre Angénieux ne ya fito da ita ga kyamarar hoto a 1950. Dabarar tana aiki amma tana kawo nauyi da lanƙwasa. Da kyamarori marasa madubi suka zo tazarar ta dawo 18mm a Sony E, 20mm a Canon RF, 16mm a Nikon Z, sai masu ƙira suka samu sarari. Duba kawai, Sigma 14mm f/1.8 Art na 2017 ya haura kilo ɗaya, Sony 14mm f/1.8 GM na 2021 giram 460 ne.

Shirya wajen gwaji

Yawancin gwajin da mutane suke yi hannunsu suke gwadawa ba lens ba. Dole ka kafa kyamara a kan tirayfod, ka kashe sitabilaiza mai rage girgizar hannu, ka sa jinkirin sakan 2 ko 10 don kar taɓa maɓalli ya girgiza ta. ISO 100, RAW wato ɗanyen fayil da kyamara bata gyara ba, komai manuwal har da daidaita fari. Kyamara ɗaya zaka yi amfani da ita ga duka lens ɗin, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Fokos kuma kar ka barwa kyamara, ka buɗe allon baya ka zuƙo sau 10 ka murza da hannu har ya zauna, in so samu ne ka yi sau uku ka zaɓi wanda ya fi.

Lokaci yana da muhimmanci sosai a wajenmu. Kar ka gwada abu mai nisa a cikin hazon hunturu, ƙura zata cinye kaifin ka ɗorawa lens laifin da ba nasa ba. Haka da tsakar rana lokacin bazara, zafin ƙasa yana sa iska tana rawa, abin da ke nesa sai ya riƙa malkwaɗewa. Da sassafe ya fi, mafi kyau kuma washegarin da aka yi ruwa sama ta wanke.

Kafin ka ɗauki ko hoto ɗaya, cire lens ɗin ka buɗe ƙofarsa ka haska tocilan ɗin waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai bace, kowane lens yana da ita. Amma in kaga zare-zare kamar saƙar gizo to fumfuna ce, in kaga kamar hayaƙi ya kwanta a gilashin ciki shima matsala ne, ajiye masa kayansa.

Gwajin kusurwa huɗu, wanda in zaka yi guda ɗaya tak to shi zaka yi

Nemi abu mai nisa mai ƙananan zane, hasumiyar masallaci ko turken sabis ko tankin ruwa na sama. Buɗe lens ɗin gaba ɗaya, sa abin a tsakiya ka yi fokos, daga nan kar ka ƙara taɓa zoben fokos. Ɗauki hoto. Sai ka juya kyamarar abin ya koma kusurwar sama ta hagu ka ɗauka, sama ta dama, ƙasa ta hagu, ƙasa ta dama, ka yi ƙoƙari nisansa da kusurwa ya zama iri ɗaya a duka huɗun. Ka jera su a kwamfuta a zuƙowa 100%.

Ba wai kana neman kusurwa ta kai tsakiya kaifi bane, a f/1.4 da wuya ka samu haka. Abin da kake nema shine su huɗun su yi kama da juna. In uku sun yi laushi daidai ɗaya kuma ta narke, ko gefe guda ya fi ɗaya muni a fili, to wani gilashi a ciki ya goce daga saitinsa, ko dai daga masana'anta ko ya taɓa faɗuwa. Irin abin da ya same ni kenan. Wannan babu manhajar da take gyara shi, kuma rufe ƙofa zuwa f/5.6 ɓoye shi kawai yake yi, kai kuma ba don f/5.6 ka biya kuɗin f/1.4 ba. In kana shakka ko iska ce ko tirayfod, juya kyamarar ƙasa a sama ka maimaita, in ɓarnar ta bi wannan gefen na lens ɗin to shikenan ka samu amsa. Roger Cicala na kamfanin hayar kayan hoto na Lensrentals a Amurka ya daɗe yana auna kwafi goma-goma na samfuri ɗaya a na'ura, kuma abin da awonsa ya sha nunawa shine kwafi da kwafi suna bambanta. Don haka yabon da ka gani a YouTube na lens ɗin wancan mutumin ne, ba na wanda yake hannunka ba.

Kaifi mataki-mataki

Yanzu samu bangon bulo ko na dutse mai faɗi, ka ja baya mita biyu zuwa uku. Dole kyamara ta fuskanci bangon tsaf, dabarar ita ce ka manna ƙaramin madubi a bango ka matsa har sai kaga hoton lens ɗin kansa a daidai tsakiyar allo. Ɗauka a buɗe gaba ɗaya, sannan f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, kana rage gudun shota don haske ya zauna daidai. In tsawon lens ɗin biyu ba ɗaya bane, matsar da tirayfod har bangon ya cika allo iri ɗaya.

Wajen kwatantawa a nan mutane suke kuskure, sai su haɗa f/1.4 na wannan da f/1.8 na wancan su yanke hukunci. A'a, ka haɗa f/2 da f/2, f/2.8 da f/2.8, sannan daban ka duba kowanne a buɗe. Duba wuri uku, tsakiya, rabin hanya, da can ƙuryar kusurwa. Rabin hanyar nan kar ka raina ta don nan fuskokin mutane suka fi zama. Zuwa f/5.6 ko f/8 kusan duk wani lens na kirki ya gyaru, daga f/11 zuwa f/16 kuma kaifi ya fara raguwa a kowanne saboda ƙofar ta yi ƙanƙanta haske yana bazuwa a bakinta. Tambayar gaskiya ita ce a wace lamba kusurwa ta fara zama abin da zaka iya bawa kwastoma ba tare da jin kunya ba. In mai f/1.4 sai ya kai f/2.8 yake gyaruwa, mai f/1.8 kuma tun f/2 ya zauna, wanne ne a cikinsu mai shan haske a aikace?

In kusurwa ta yi laushi kar ka yi saurin yanke hukunci, sake fokos a kan kusurwar kanta ka ɗauka. In ta yi kaifi tsakiya kuma ta yi laushi, to lens ɗin yana iya kaifi, filin fokos ɗinsa ne ba shimfiɗaɗɗe ba, ya lanƙwashe kamar tasa. Ga mai hoton titi ko kasuwa wannan ba wani abu bane. Amma ga mai jera mutane sahu ɗaya ko mai ɗaukar gini ko taurari babbar matsala ce. In kana so kaga siffar tasar da idonka, ɗauki filin tsakuwa ko gajeriyar ciyawa daga tsaye a buɗe, zaka ga layin kaifi ko ya miƙe ko ya yi baka.

Dare shine alƙali

Duk abin da lens ya ɓoye da rana, ɗigon haske a cikin duhu zai tona shi. Fita bayan gari a ƙarshen wata ko farkonsa lokacin da babu farin wata, in Zara tana sama ka yi fokos da ita ko da duk wani tauraro mai haske, kar ka yarda da alamar nesa da ke jikin zobe don sau da yawa ba daidai take ba. ISO 1600 ko 3200. Akwai tsohon lissafi na raba 500 da tsawon lens don sanin sakan nawa zaka bar shota a buɗe kafin taurari su fara jan layi, a 24mm wajen sakan 20 kenan, amma kyamarorin yanzu masu yawan fiksel suna nuna jan tauraro kafin nan, don gwaji ka tsaya a sakan 8 ko 10 kar ka rikita tafiyar tauraro da laifin gilashi. Lokacin sanyi Kaza da 'ya'yanta suna sama da daddare, in ka samu daren da hazo ya lafa sa su a tsakiya ka ɗauka sannan ka kai su kusurwa.

A tsakiya zaka ga ɗigo-ɗigo. A kusurwa kuma lens mai rauni zai mayar da kowane tauraro kamar tsuntsu ya buɗe fukafukai ko kamar mai jela, masana suna kiransa koma, wani lokacin kuma ya zama kamar gicciye ko ɗan layi. Ɗauka a f/1.4, f/2, f/2.8 kaga inda fukafukan suka naɗe. Canon EF 24mm f/1.4L II na 2008 lens ne mai kyau da ya yi wa masu biki aiki shekara da shekaru amma masu ɗaukar taurari sun san shi da fukafukan nan a buɗe, Sony 24mm f/1.4 GM na 2018 kuma sunansa ya fito ne saboda ya rage su sosai, ga shi giram 445 inda na Canon yake 650. Sigma ma da suka sake ƙera 20mm f/1.4 a 2022 don marasa madubi sun gyara kusurwa fiye da na 2015. Abin sha'awa, Samyang 14mm f/2.8 mai araha wanda fokos ɗinsa na hannu ne ya daɗe yana da farin jini wajen masu taurari saboda kusurwarsa.

In baka da halin fita daji, fitilun unguwa daga kan bene ko jar fitilar turken sabis zasu yi. Kar kace ai ni bana ɗaukar taurari, ƙananan fitilun ado da ake zagaye hol da su haka zasu yi fukafukai a gefen hotonka.

Duhun kusurwa, lanƙwasa da zubar launi

Waɗannan ukun kafin ka duba su sai ka kashe gyaran da kyamara take yi da kanta, don sababbin lens da yawa sun dogara da gyaran manhaja, har wani lokacin manhajar gyaran hoto ta Lightroom tana sa shi ba tare da ta tambaye ka ba. Buɗe RAW ɗin a RawTherapee ko darktable, kyauta ne, zaka ga ainihin abin da gilashi ya bayar.

Duhun kusurwa, ɗauki farin bango mai haske daidai ko sama fayau. A irin waɗannan lens ɗin mataki biyu zuwa uku na duhu a buɗe ba abin mamaki bane. Ana gyarawa, amma ka yi lissafi, in ka ɗauka a ISO 3200 ka ɗaga kusurwa mataki biyu to kusurwar kamar a 12800 aka ɗauke ta, ga tsakuwa-tsakuwa nan zasu fito. A nan ma ka duba hasken tsakiya, saiti ɗaya a lens biyu masu lamba ɗaya wani ya fi wani haske kaɗan saboda gilasai suna shanye wani abu, shi yasa lens ɗin silima suke amfani da lambar T, mai nuna ainihin hasken da ya ratsa, maimakon f.

Lanƙwasa, ɗauki ƙofar gareji ko bango mai tayil layi ya bi gefen hoto. In ya kumbura kamar ganga gyaransa da sauƙi, in kuma ya kumbura a tsakiya ya sake lanƙwasowa a gefe kamar gashin baki, irin wanda aka san Samyang 14mm ɗin can da shi, sai da fayil ɗin gyara na musamman. Amma don Allah kar ka haɗa wannan da faɗaɗar fuska a gefe. In ka sa mutum a can bakin hoto a 14mm ko 20mm dole ya yi faɗi kansa ya ja, komai tsadar lens ɗin, lissafin gani ne ba laifin ƙira ba. Maganinsa ka bar fili a gefe, kuma kar ka ajiye uwar amarya a can.

Zubar launi iri biyu ce. Akwai ta gefe, layin ja ko shuɗi a jikin wayar lantarki ko reshen bishiya a kusurwa, dannawa ɗaya take gogewa. Sai mai taurin kai, shunayya a gaban inda ka yi fokos kore a bayansa, tana fitowa a ko'ina har tsakiya. Gwada ta da baƙin rubutu a farar takarda ka karkata ta, ko ma mafi kyau leshi mai duwatsu da sarƙa a ƙarƙashin fitila, tunda su zaka riƙa ɗauka. Rufe ƙofa yana rage ta, amma gogeta a kwamfuta akwai cin lokaci.

Sai rana. Sa ta a kusurwa, sa ta a tsakiya, sannan ka fitar da ita waje kaɗan daga hoto, kar ka kalle ta ta madubin leƙe, allon baya zaka yi amfani da shi kuma ka yi sauri. Duba ƙwallaye kore da suke jeruwa da kuma farin hazo da yake wanke baƙi. In kana son hasken fitila mai tsinkaye a f/11, ƙirga ganyen ƙofa, 8 suna bada tsinke 8, 9 kuma 18. Masu bidiyo ku murza fokos daga kusa zuwa nesa ku ga ko hoton yana zuƙowa da kansa.

Zanen MTF, wato jadawalin kaifin lens da kamfanoni suke sawa, yana da amfani in ka iya karanta shi, hagu tsakiya ce dama kusurwa wajen 21.6mm, layin 10 yana nuna ƙarfin baƙi da fari, na 30 yana nuna ƙananan zane, in layi mai ɗigo da miƙaƙƙe suka rabu da nisa to ka sa ran matsala a gefe. Sai dai yawanci lissafin kwamfuta ne na ƙirar ba awon lens na gaske ba, kuma na wannan kamfani ba a gwada shi da na wancan.

Yanke hukunci

Kar ka tara maki kace wanda ya ci biyar cikin takwas shine gwani. Rubuta aikin da kake yi sannan ka zaɓi gwaji biyu ko uku da suka shafe shi. Mai biki, rabin hanya a f/2 da zubar launi da kusurwa huɗu. Mai gini da ɗakuna, lanƙwasa da shimfiɗar fokos, shi f/1.4 ma bata dame shi ba. Mai taurari, fukafukai da duhun kusurwa. Ka duba kuma ko lens ɗin yana karɓar filta a gaba, don 14mm ɗin nan masu ƙullutun gilashi basa karɓa, a ƙurarmu kuwa gilashi tsirara yana shan goge-goge. A nawa ganin mafi yawanmu 20mm ko 24mm f/1.8 mai kyau ya ishe mu, irin Sony 20mm f/1.8 G mai giram 373 ko Nikon Z 20mm f/1.8 S, duka na 2020, tunda in mutane sun wuce biyu a hoto dama sai ka rufe zuwa f/2.8 ko f/4 kowa ya fito.

In na hannu zaka saya, tafi da kyamararka da katinka da laftof in kana da ita, gwajin tocilan da na kusurwa huɗu minti goma ne a bakin shago. Sauran kuma ka nemi mai kaya ya baka kwana biyu da sharaɗin mayarwa, ku yi maganar a gaban shaida, ka ɗauki hoton lambar jikin lens ɗin a wayarka kafin ka bar wajen.